Ko Ka San Akwai Janwe a Sararin Samaniya?

Da yawa daga cikin manyan taurarin ɗan'adam da ake yi wa ritaya lafiyarsu ƙalau, mai ne kawai ya ƙare musu. Taurarin da ke kawo mana tashoshin talabijin suna zaune ne a wani layi mai nisan kimanin kilomita 36,000 daga doron ƙasa, inda zagayensu ya yi daidai da juyawar duniya, sau ɗaya a kwana. Shi ya sa mai haɗa dish yake saita faranti ya ɗaure, ba ya sake taɓa shi. Sai dai zaman nan ba kyauta ba ne. Rana da wata suna fisgar tauraron sannu a hankali, don haka dole lokaci-lokaci ya kunna ƙananan injinansa ya koma gurbinsa. Bayan shekara 15 ko makamancin haka tanki ya kusa ƙafewa, sai a yi amfani da ɗan ragowar a ɗaga shi sama da kimanin kilomita 300, zuwa layin da masana ke kira maƙabarta, a kashe shi. Na'urar da ta ci ɗaruruwan miliyoyin daloli, wadda har yanzu take iya karɓar saƙo ta mayar, ta zama bola ke nan.

Domin irin wannan asara kamfanin Northrop Grumman na Amurka ya ƙera wani kumbo mai suna MEV-1, wanda aikinsa ya yi kama da na janwe a kan titi. An harba shi a watan Oktoba na 2019 daga Baikonur da ke Kazakistan, kuma ranar 25 ga Fabrairu, 2020 ya kama tauraron Intelsat 901, wanda ke sama tun 2001. Wannan ne karo na farko da kumbon kasuwanci ya haɗe da wani tauraron kasuwanci a can. Abin burgewar shi ne ba a ƙera Intelsat 901 don a kama shi ba, ba shi da mariƙi ko ƙugiya. Injiniyoyi sai suka lura cewa galibin irin waɗannan taurari suna da babban inji a bayansu mai baki kamar mazurari, wanda ya gama aikinsa tun ranar da ya kai su gurbinsu. MEV-1 yana matsowa da taimakon kyamarori da hasken lesa, yana tsayawa ana dubawa daga ƙasa, alhali su biyun suna gudun kusan kilomita 11,000 a awa. Daga nan ya zura wani sanda cikin bakin injin, kan sandan ya buɗe ya maƙale, ya jawo tauraron ya manne da jikinsa. Bai ɗura masa mai ba. Shi ne ya karɓi tuƙi da saiti da injinansa, tauraron kuma ya ci gaba da aikin sadarwa. A watan Afrilu na 2020 Intelsat 901 ya koma bakin aiki, ya yi ƙarin shekara biyar, sannan a 2025 MEV-1 ya kai shi maƙabarta ya sake shi. Ƙaninsa MEV-2 ya kama Intelsat 10-02 a watan Afrilu na 2021, wannan karon tauraron yana tsaka da aiki.

A ganina wannan kumbo ya nuna inda gaɓar kasuwancin samaniya take. An fi zuzuta rokoki, musamman tun da Falcon 9 na kamfanin SpaceX ya dawo ƙasa a tsaye a watan Disamba na 2015, kuɗin harbi ya sauka, taurari suka yawaita zuwa dubbai. Amma kai kaya rabin sufuri ne. Duk harkar da ta iya kaiwa, ba ta iya gyarawa ko matsarwa ko kwashewa, wata rana kayanta ne za su toshe mata hanya. An ga alamar haka a watan Fabrairu na 2009, lokacin da tauraron Iridium 33 ya yi karo da mataccen tauraron Rasha, Kosmos 2251, suka farfashe zuwa gutsattsari sama da dubu. A layin kilomita 36,000 kuwa lamarin ya fi tsanani ta wata fuska, domin babu iskar da za ta jawo tarkace ƙasa su ƙone. Abin da ya fashe a can, kamar yadda Intelsat 33e ya tarwatse a watan Oktoba na 2024, zai ci gaba da yawo a unguwar da kowace ƙasa ke neman gurbi a cikinta.

Wani zai ce me ya kai mutum kashe kuɗi a kan tauraro mai shekara 19, alhali sabo ya fi shi ƙarfi, ga kuma ƙananan taurari irin na Starlink da ake ƙerawa da yawa, su yi 'yan shekaru su faɗo su ƙone? Maganar tana da ƙamshin gaskiya ga layukan kusa da ƙasa, inda iska ke yin shara da kanta. Amma babban tauraro yakan ɗauki shekaru ana ƙera shi, kuma kuɗin hayar janwe na shekara bai kama ƙafar kuɗin sabo ba. Shekara biyar da aka saya dama ce ta jiran fasahar da ta dace ba tare da gaggawa ba, kuma janwe guda an tsara shi ya yi shekara 15, yana gama da wannan ya koma kan wancan.

Suka ta biyu ta fi nauyi: MEV-1 ba ya kwashe tarkace, kuma ba kowace cuta yake warkarwa ba. Haka ne. NigComSat-1 na Nijeriya, wanda aka harba a 2007, ya mutu a watan Nuwamba na 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, kuma da wannan kumbo yana nan a lokacin da bai tsinana masa komai ba. Amma wanda ya koyi kusantar abu mai gudu ya kama shi ba tare da ya fasa shi ba, ya riga ya koyi darasin farko na gyara da na shara. Kamfanin Astroscale na Japan ya bi wannan sawu a 2024, da kumbonsa ADRAS-J ya kusanci wani tsohon ɓangaren roka ya ɗauki hotunansa.

Akwai kuma fargabar cewa hannun da ya iya riƙe tauraronka da izininka zai iya riƙe na maƙwabci ba izini. Da kumbon Sin mai suna Shijian-21 ya janye wani mataccen tauraron Beidou zuwa maƙabarta a watan Janairu na 2022, wasu shara suka gani, wasu kuma makami. Hani ba zai yi magani ba, tunda fasahar ta riga ta fito. Abin da ake bukata shi ne ƙa'ida: a sanar kafin a kusanci tauraro, mai shi ya amince, kowa ya iya bin sawun abin da ake yi.

Saura kuma masu saye. NigComSat-1R, wanda aka harba daga Sin a watan Disamba na 2011, an tsara shi ne ya yi shekara 15, lissafin da ya faɗa kan 2026. Duk ƙasar da za ta sa hannu a kwangilar sabon tauraro, bai kamata tambayarta ta tsaya ga farashi da ranar harbi ba. Ta tambaya ko an yi masa wurin da za a kama shi, ko za a iya ƙara masa mai, da kuma wanda zai ɗauki nauyin kawar da shi idan ya mutu ba shiri. Waɗannan sharuɗɗa suna da araha a kan takarda, amma da zarar roka ta tashi babu mai iya ƙara su.