Wilin Keken da Zai Ɗauki Ƙato a Kongolam

A hanyar Daura zuwa Kongolam, bakin iyakar Nijar, keke ba ya hutawa: ga mai shi, ga buhun gero a kariya. Idan mahayin mai jiki ne, wilin baya ne ke shan wuya, domin kusan kashi biyu cikin uku na nauyin a kansa yake sauka.

Shi ya sa tsofaffin kekunan Raleigh na Ingila, masu taya inci 28, suke da sifok 40 a baya, 32 kacal a gaba. Mai nauyi kada ya yarda da ƙasa da 36 a baya.

Amma yawa kaɗai ba ya wadatarwa. Sifok ɗin da ya saki yakan riƙa motsi duk juyin taya, har ya karye a lanƙwasarsa ta kusa da cibiya. Ɗaya na tsinkewa, sauran su ɗauki kayansa, wili ya fara rawa. Gwanin mai gyara yakan ɗaure su daidai wa daida, yana ƙyasta kowanne yana sauraron ƙararsa.

Sai iska. Tayar da ba ta cika ba, rami ɗaya ya isa ya lotsa bakin wili.