Yadda "Love Nwantiti" ta kewaye duniya

A 2019 ne CKay, mawaƙin da aka haifa a Kaduna, ya saki "Love Nwantiti" ƙarƙashin kamfanin Chocolate City. Ba ta yi wani tashe na a zo a gani ba. Bayan shekara biyu sai ga ta a mataki na 3 a jerin waƙoƙin Birtaniya, daga baya ta kai na 26 a jerin Billboard Hot 100 na Amurka.

Kafin a kai nan, an yi ta sake wa waƙar riga. A 2020 aka fitar da ita tare da Joeboy da Kuami Eugene na Ghana, sannan aka yi wata da ElGrande Toto na Maroko, wata da Franglish na Faransa. Kowane baƙo yana zuwa da masoyansa, masu lissafin jeri kuma sukan haɗa sauraron dukkansu su ba waƙa ɗaya.

Sai TikTok ta ɗauka a 2021. Matasa suka riƙa rawa da ɗan gutsuren waƙar, waɗanda ba su san sunanta ba suka koma manhajar Shazam suna nema, har ta zama waƙar da aka fi nema a duniya a manhajar. Amma rawa ba ta cika aljihu. Kuɗin kirki sai mutum ya je Spotify ko Apple Music ya saurari waƙar.

Shi ma sauraron ba farashinsa ɗaya ba. Spotify yana tara abin da ya samu a kowace ƙasa, ya raba wa masu waƙoƙi gwargwadon yawan sauraron da aka yi musu a can. Kuɗin watan da mutumin Landan ke biya ya ninka na mutumin Legas nesa ba kusa ba, don haka sauraro dubu a Ingila ya fi dubu a Najeriya tsoka. Billboard ma ya fi ba sauraron masu biyan kuɗi nauyi. Shi ya sa mawaƙanmu ke rububin kunnen Turawa, ko da a gida aka fara son su.

Masu cewa sa'a ce kawai ba su duba bayan fage ba. Tun 2019 Chocolate City ya ƙulla yarjejeniya da Warner Music, mai hanyar kai waƙa gidajen rediyon Turai da Amurka, don haka da wutar ta kama akwai masu hura ta. A 2022, da Billboard ya buɗe jerin waƙoƙin Afrobeats na Amurka, "Love Nwantiti" ce ta fara hawa mataki na 1.