Burauni, Kek Ɗin da Ba a So Ya Tashi

Duk wadda ta saba yin kek na biki ko na sallah ta san abin da ake nema: a buga bota da sukari har su yi fari, a zuba bekin foda, kek ya tashi ya yi laushi kamar soso. To, akwai wani kek na cakulan da ya saɓa wa wannan ƙa'ida gaba ɗaya. Sunansa burauni, asalinsa Amurka, inda ya fara bayyana a littattafan girki a farkon shekarun 1900. Shi ba a so ya tashi. Ana so ya fito baƙi wuluk, da nauyi, cikinsa da danshi, samansa da siririn ɓawo mai sheƙi. Ba ya neman injin buga ƙwai. Tukunya ɗaya da cokalin katako sun wadatar.

Daɗinsa kacokan yana kan hodar koko, wato garin 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su. Ƙasashen Kodebuwa da Gana kaɗai ke noma fiye da rabin kokon duniya, a Najeriya ma ana nomansa a Ondo da Osun da Kuros Riba, amma har yau yawancinmu a leda ko a gwangwanin shayi muka san shi. 'Ya'yan koko kusan rabinsu mai ne. A 1828 aka yi rajistar injin Van Houten a ƙasar Holan, mai matse wannan mai ya bar tunkuzar da ake niƙawa ta zama hoda. Shi ya sa hodar take da ɗaci da bushewa, sai mai girki ta mayar mata da maiƙon da aka cire.

A nan mutane da dama ke yin kuskure, su ɗauko Milo ko Bournvita su ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Waɗannan abin sha ne da aka haɗa da sukari da wasu abubuwa, kokon da ke ciki kaɗan ne. Kek ɗin zai fito fari-fari, zaƙi cau, ba ƙamshi. A nemi zallar hodar a shagunan masu kayan kek.

Ga awon da zai cika farantin gashi mai faɗin santimita 20: bota giram 140, sukari kofi ɗaya da kwata, hodar koko kashi uku cikin huɗu na kofi, ƙwai 2, fulawa rabin kofi, sai ɗan gishiri. Rabin kofin fulawar nan ba kuskure ba ne, ƙarancinta shi ne sirrin. Gishirin ma kada a raina shi, shi ke danne ɗaci ya fito da ɗanɗano.

Ki narkar da bota a wuta kaɗan, ki sauke, ki zuba sukari da hodar tun da sauran zafi, domin mai mai zafi shi ke tayar da ƙamshin koko. Idan ya huce yadda za ki iya tsoma yatsa, ki fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, ki buga da ƙarfi har kwaɓin ya yi santsi yana ƙyalli. Narkewar sukari a wannan gaɓa ita ke haifar da ɓawon nan na sama. Amma da zarar fulawa ta shiga, sai a sassauta hannu. Yawan juya jiƙaƙƙiyar fulawa yana sa ta danƙo, abin da mai burodi ke so, mu kuwa a nan ba ma so. Farin gari na ɓacewa, ki tsaya. Amurkawa kan watsa 'ya'yan itace masu ɓawo a ciki. Soyayyiyar gyaɗa da aka ɓarza tana yin wannan aiki sarai, a ganina ma ta fi dacewa.

A oba, zafin digiri 170 na minti 20 zuwa 25 ya isa. Wadda ba ta da oba kuwa, ta zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ta rufe ya ɗauki zafi kamar minti goma, ta ɗora farantin a kan ƙananan duwatsu don kada gindi ya ƙone, ta rage wuta, ta sa 'yan garwashi a kan murfi. Yawan leƙe yana fitar da zafi.

Wurin saukewa ake gane gwana. A kek na yau da kullum ana jira tsinke ya fito fes. Idan ya fito fes a burauni, an makara. A sauke lokacin da gefe ya kama jiki, tsinken da aka soka a tsakiya kuma ya fito da ɗan burbushi mai laima, saboda zafin da ke cikinsa zai ci gaba da dafa shi bayan ya bar wuta. Yanka shi da zafi dagargaza shi yake yi, a bari ya huce sosai. A watannin Maris da Afrilu gara a sa shi a firji na awa ɗaya kafin a kai masa wuƙa, a yanka gida 16, a riƙa goge wuƙar bayan kowane yanka. A mazubi mai murfi yakan kwana uku bai canza ba.