Keke, Ciwon Baya da Gaɓar Tafkin Konstanz

A da, duk wanda ya kai kukan ciwon baya asibiti sai a ce ya je ya kwanta. Yanzu likitoci sun sauya magana: doguwar kwanciya tana raunana tsokokin da ke tallafe da ƙashin baya, motsi daidai gwargwado kuwa yana kawo sauƙi da wuri. Masu wannan lalura kuma ba kaɗan ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a 2020. Daga cikin masu murmurewa akwai waɗanda ke ɗaukar keke su yi tafiyar kwana da kwanaki, kuma hanyar da ta kewaye Tafkin Konstanz, wanda Jamusawa ke kira Bodensee, tana cikin waɗanda aka fi bi a Turai.

Tsawonta ya kai kimanin kilomita 260, ta ratsa Jamus da Ostiriya da Suwizalan, ta bi ta garuruwa irin su Meersburg, Lindau, Bregenz da Romanshorn. Galibinta shimfiɗe take. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon baya, saboda a hawan tudu ne mutum ke finciko kan keke yana danna feda da ƙarfi, nauyin duka ya taru a ƙugu. Amma a ganina babbar falalarta ita ce sauƙin janyewa. Garuruwan kusa da juna suke, akwai jirgin ƙasa a gaɓar, ga jirgin fito tsakanin Konstanz da Meersburg, ga wani tsakanin Friedrichshafen da Romanshorn. Ranar da baya ya ƙi, sai mutum ya tura kekensa cikin jirgi. Wanda ya kutsa daji ba shi da wannan gata, dole ya cije ya ƙarasa, kuma cijewar ce ke mayar da ciwo sabo.

Sai dai ba kowane ciwon baya ne ke shiri da keke ba. Wanda hanyar lakarsa ta ƙuntace, abin da aka fi gani ga masu shekaru, yakan ji sauƙi idan ya ɗan sunkuya, domin sunkuyon yana buɗa wa jijiyoyi wuri. Irinsa zai kasa doguwar tafiya a ƙasa amma ya yi nisa a kan keke. Wanda faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ya bulluƙo kuwa, sau da yawa zama a sunkuye shi ne ke tayar masa da ciwon har ya sauka ƙafa. Likita ko mai gashin ƙashi na asibiti ne zai bambance, tun kafin a ɗaura kaya.

Sauran aikin na keken ne. A ɗaga kansa yadda mutum ba zai yi doro ba. Sirdin da ya yi tsawo yana sa ƙugu rangaji dama da hagu a kowane juyi. Kaya su tafi cikin jakunkunan da ake ratayawa a kariya, kada a goya su. Taya mai faɗi tana shanye girgiza, giya mai sauƙi tana rage dannawa. A riƙa sauka ana miƙewa tun ciwon bai yi magana ba, a kuma fara da gajeren zango a gida makonni kafin tafiyar.

Tsamin jiki bayan yinin tuƙi ba abin tsoro ba ne. Amma idan ƙafa ta fara rauni, ko matsematsi da mazaunai suka mutu ba a jin taɓi, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, wannan alama ce ta an danne jijiyoyin ƙarshen laka. A ajiye keken, a nufi sashen gaggawa a ranar.