Wasan waƙar da mutum 40 suka kalla, amma dubbai ke cewa a gabansu aka yi

A daren 4 ga watan Yunin 1976, wasu matasa huɗu daga Landan suka hau dandamali a wani ƙaramin zaure mai suna Lesser Free Trade Hall a birnin Manchester na Ingila. Sunan ƙungiyarsu Sex Pistols. Kuɗin shiga fam ɗaya bai kai ba, kuma galibin waɗanda suka halarta sun ce 'yan kallon ba su wuce 40 ba.

Ɗalibai biyu, Howard Devoto da Pete Shelley, su suka gayyato su.

A lokacin tattalin arzikin Birtaniya na cikin mawuyacin hali, marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya. Manyan mawaƙan rock kuwa sun yi wa matasa nisa, da kayan kiɗa masu tsada da waƙoƙi masu tsawo. Salon punk ya zo da akasin haka: gajerun waƙoƙi, ƙara mai tsanani, da mawaƙi Johnny Rotten da ke ihu cikin fushi.

Abin da mahalarta suka fi tunawa shi ne tunanin da ya zo musu a daren: idan waɗannan za su iya, kowa ma zai iya. Peter Hook ya sha ba da labarin cewa washegari ya karɓi rance wajen mahaifiyarsa ya sayi jitar bass, alhali bai iya kaɗa ta ba. Shi da abokinsa Bernard Sumner suka kafa ƙungiyar da ta zama Joy Division. Shi ma Morrissey, wanda daga baya ya jagoranci The Smiths, yana cikin zauren.

Sai dai ƙwaƙwalwa na da rauni. Sex Pistols sun koma zauren ranar 20 ga Yuli, inda jama'a suka fi yawa, kuma mutane da dama na cakuɗa wasannin biyu. Yawan masu iƙirarin halarta ya sa ɗan jarida David Nolan ya rubuta littafi a kai mai suna I Swear I Was There.

A Janairun 1977, ƙungiyar Devoto da Shelley, wato Buzzcocks, ta fitar da faifanta Spiral Scratch da kuɗin da ta haɗa daga 'yan uwa da abokai, ba tare da babban kamfani ba. Wasu matasan suka bi sahu.

Yau ginin ya koma otal.