Zanen Aikin Riga a Wurin Maɗinkan Adjamé da Treichville

Aikin riga yana farawa da zane kafin allura ta taɓa yadi. A Zariya da Kano, mai zane, wanda sau da yawa malami ne ko almajirin da hannunsa ya faɗa da rubutu, yakan shimfiɗa rigar ya fitar da siffar da alƙalami da tawada, sannan maɗinki ya bi layin da zare. Kowane zane da sunansa: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi. Aska takwas, mai tsinayen da ke saukowa daga wuya zuwa aljihu, ta manya ce, kuma takan ci watanni idan da hannu aka yi ta.

Turawa sun bi wata hanya daban. Wajen 1523 Johann Schönsperger ya buga littafin zanen ɗinki a Augsburg ta Jamus, mabuga littattafai na Venice suka biyo baya, har Federico Vinciolo ya fitar da nasa na leshi a Faris a 1587. Zanen Hausa kuwa ba ta hanyar ɗab'i ya yaɗu ba. Yaro yakan koya a gaban maigidansa, wasu su adana zanen a takarda, amma mafi yawa tsohuwar riga ce abin kwaikwayo.

Da wannan gado Hausawan Nijar da Najeriya suka zauna a Abidjan, a Adjamé mai babbar kasuwa da tashoshin mota, da Treichville da ke ƙetaren ruwa daga unguwar Plateau. A nan shadda ce ke tashe, wadda ake kira bazin, kuma keken surfani ya karɓe yawancin aikin, don mai riga ba ya jiran watanni, balle in Sallah ta matso. A shago akan miƙa wa mai kawo ɗinki kundin hotuna ya zaɓa, ko shi ya nuna hoto a waya, ko ya zo da rigar wani ya ce irinta yake so. Zanen Hausa yana haɗuwa da na maɗinkan Mali da Senegal, ana aro ba a tambayar mai shi. Keke ya fi sauri da araha, sai dai surfaninsa bai kai cikar ɗinkin hannu ba, shi ya sa mai hali yakan sa a kawo masa rigar hannu daga Zariya ko Kano.