Ƙwayar Cutar Bakkale Ba Ta Da Ido, Amma Tana Gane Haske

Duk makiyayin da ya yi kiwo a kan tsaunukan Filato ya san bakkale. Saniya ta ɗauki ciki lafiya, sai can wajen wata na bakwai ta yi ɓari, nono ya ragu, wani lokaci kuma gwiwa ta kumbura. Tun shekarar 1924 da aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a Vom, kudu da Jos, likitocin dabbobi ke fama da irin waɗannan cututtuka, kuma a can ne ake sarrafa allurar rigakafin bakkale da ake kira S19. To, amma akwai wani abin al'ajabi game da ƙwayar wannan cuta wanda bai bayyana ba sai a 2007.

Ita dai ƙwayar, watau Brucella, tana cikin jinsin bakteriya, halittun nan da ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Wani likitan sojan Ingila, David Bruce, shi ya fara gano danginta a tsibirin Malta a 1887, sannan Bernhard Bang na ƙasar Denmak ya gano wadda ke sa shanu ɓari a 1897. Fiye da shekara ɗari ana ɗauka cewa halittar da ke zaune cikin duhun cikin dabba ba ruwanta da haske. Ashe ba haka ba ne.

A 2007 wasu masana daga Amurka da Ajantina suka nuna cewa a jikin ƙwayar akwai wani furotin mai gane haske. Furotin ɗin yana rungume da wani ɗan sinadari rawaya, ɗan gidan bitamin B2, kamar yadda kube ke riƙe da wuƙa. Idan shuɗin haske, wanda ke cikin hasken rana, ya sauka a kan sinadarin, nan take sai ya manne da jikin furotin ɗin. Wannan mannewa ita ke sa furotin ya sauya siffa, sauyin kuma ya tada wani ɓangarensa mai aika saƙo, saƙon ya bi hannu-hannu har ya isa inda ake juya al'amuran ƙwayar. Irin wannan ɓangare ne, wanda masana ke kira LOV, ke sa tsiro ya karkata wajen taga idan an ajiye shi a ɗaki.

Da masanan suka raini ƙwayoyin a cikin duhu, sai suka ga ƙarfinsu na hayayyafa cikin ƙwayoyin garkuwar jiki ya ragu ƙwarai. Haka kuma ya faru da suka cire furotin ɗin baki ɗaya. Waɗanda suka sha haske kuwa, ƙarfinsu ya fi.

Me ƙwayar za ta yi da wannan baiwa? Abin da masana ke zato shi ne, idan saniya ta yi ɓari, ɗan tayin da mabiyiya sukan faɗo fili ɗauke da ƙwayoyi bila adadin. Hasken da ya same su shi ke shaida musu cewa sun bar gidansu na da, sai su ɗaura ɗamarar shiga sabo. Saniyar da ta zo ta lashi wurin, ko mutumin da ya taɓa da hannu tsirara, shi ne sabon masauki. Gaskiya ne zafin rana yakan kashe ƙwayar a hankali, amma a inuwa da danshi da sanyi irin na Jos takan daɗe da ranta.

Saboda haka, jama'a, rigakafi ya fi magani. A binne ɗan tayi da mabiyiya cikin rami mai zurfi, kada a bar wa karnuka. A ware saniyar da ta yi ɓari, a kuma kai 'yan maruƙa mata a yi musu allura. Madara kuwa a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da nono, domin cutar tana kama mutum, ta sa masa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin cizon sauro a banza. Wanda ya ji haka, ya gaya wa likita cewa yana hulɗa da shanu. Allah Ya kare mu da dukiyarmu, amin.